Yatsu Uku da Rabi

Daga kan rumbu na faɗo, ba daga kan doki ko mota ba, don haka ba ni da wani labarin jarumta da zan ba jikokina. Lokacin kaka ne, 'yan shekaru bayan an sami mulkin kai, a ƙauyenmu da ke gefen Dayi. Ina bisa tsani, Yayana yana ƙasa yana miƙo mini dammunan dawa ina jefawa ciki. Ya ce in sauko a gyara wa tsanin zama, na ce masa ni ba yau na fara hawan rumbu ba. Ban rufe baki ba tsanin ya zame. Na kai hannun dama in tare ƙasa, sai na ji ƙas a wuyan hannu, kamar an karya busasshen kara.

Ni da Yaya gandu ɗaya muke tun rasuwar mahaifinmu. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, matarsa ta yi girki yau, tawa ta yi gobe. Ya ba ni shekara takwas, kuma mutum ne mai sanyi, sai ka yi yini da shi bai yi maka magana goma ba. Ni kuwa tun ina ƙarami ake cewa a bakin murhu aka yanke mini cibiya, saboda saurin hawa. Kullum bayan magariba mukan zauna a zaure, akushi ɗaya a tsakaninmu, mu ci tuwo, in akwai baƙo ya sa hannu. Haka muka tarar mahaifinmu yana yi da ƙanensa, ba mu taɓa tunanin akwai wata hanyar cin abinci ba.

A ranar aka kai ni wurin maɗori a ƙauyen gaba. Tsoho ne da ya gaji sana'ar kaka da kakanni. Ƙarti biyu suka danne ni, ya ja hannun har na kira duk sunan da na sani, sannan ya jera 'yan karare ya ɗaure da tsumma tamau. Ba zan ci amanar tsohon nan ba, ƙashi ya kama. Da aka kwance ɗori bayan kwana arba'in hannun ya ɗan karkace kaɗan, amma yana lanƙwasuwa, yana ɗaukar buta. Mutane suka yi ta zuwa barka, ni ma na ɗauka an gama.

Da rani sana'ata ɗinkin hula ce. Nakan zauna a gindin ceɗiyar ƙofar gida in yi ta ɗinki da allura, in na tara uku ko huɗu in ba masu zuwa kasuwar Funtua. To, ranar da na koma ɗinki sai allura ta fara zame mini. In na riƙe ta, sai na duba da ido kafin in tabbata tana hannuna. Babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya, duk sun yi nauyi kamar an naɗe su da fata. Kafin asuba kuma wani abu kamar kiyashi yakan tashe ni, yana yawo a cikinsu, sai na sauko da hannun na yi ta yarfewa kafin ya lafa. Na koma wurin maɗori, ya ce jini ne bai gama sauka ba, in riƙa shafa man shanu in yi haƙuri. Na shafa man shanu har matata ta ce ƙudaje sun fi sanina da ita.

Wata safiya ina gasa wa 'yata dankali a toka. Shekararta uku a lokacin, ba ta rabuwa da ƙafata. Na tono guda da yatsu, na riƙe ina kakkaɓe tokar, ita kuma don zumuɗi ta kai hannu ta taɓa. Ta ƙwalla ƙara ta janye. Ni da nake riƙe da shi ɗumi kawai nake ji can nesa. Kafin azahar bororo biyu sun tashi, ɗaya a manuniya ɗaya a babban yatsa. Ina juya hannun ina dubawa sai na lura da abin da ban lura da shi ba a da: tsokar nan ta gindin babban yatsa ta lotsa, ba ta kai ta hagu ba.

Gabana ya faɗi, faɗuwar da ban taɓa jin irinta ba. Domin na san mutum ɗaya da abinsa ya fara haka. Maƙwabcinmu ne lokacin ina yaro, manomi ƙaƙƙarfa, mai yawan dariya. An ce tukunya mai zafi ya sauke da hannu bai ji ba, daga nan aka gane. Kuturta ce, amma a ƙauyenmu ba a kiran sunanta, sai dai a ce babban ciwo. Ba wanda ya kore shi da sanda. Mutane dai suka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan. Aka ware masa ƙwarya da buta, dangin matarsa suka zo suka tafi da ita da 'ya'yan, ya koma wata bukka a bayan gari. Na ga yatsunsa daga baya, kuma ban manta ba.

Wani zai ce me ya hana ni haɗa abin da karayar? Ai karaya ta warke, gari duk ya shaida. Wuyan hannun ba ya ciwo. A saninmu abin da ya warke ya warke, ba ya komowa ta bayan gida ya kashe yatsu. Yatsun da ba sa jin wuta kuwa suna ɗaya muka sani gare su.

Ban gaya wa kowa ba. Abin da na yanke shi ne ba zan ƙara sa hannun nan a akushin Yaya ba. Na ce wa matata cikina ba ya mini daɗi, ta riƙa zuba mini nawa daban a ɗan kwano ta kawo ɗaki, da cokali.

Ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Malam, cikin ne ko zuciyar?"

Na daka mata tsawa, na ce in ba za ta iya ba ta faɗa. Ta juya ta fita. Daga nan na daina ɗaukar 'yata. In ta rugo sai in tare ta da gwiwa, in ce ta tafi wurin uwarta. A masallaci na riƙa cusa hannun cikin riga, wanda ya miƙo nasa in ce karayar ce ke motsi. Na zama mutumin da ni kaina ba zan so zama kusa da shi ba.

Daren farko Yaya ya aiko a kira ni zaure, na ce na ci. Na biyu ya sake aikowa. Na uku bai aiko ba. Daga ɗakina nakan ji motsinsa shi kaɗai, ya wanke hannu, ya ci, ya ture akushin da saura a ciki. Tausayinsa yakan kama ni, amma ina gaya wa kaina ai don shi nake yi.

Tsoro ya rufe mini ido har na manta abin da kowane yaro ya sani a ƙasarmu. In ƙane yana son ya fita daga gandu ba ya buɗe baki ya ce wa wansa a raba, kunya ba ta bari. Akushi yake fara janyewa. Daga akushi sai tukunya, daga tukunya sai rumbu, daga rumbu sai gona. Wa mai hankali shi ne wanda ya gane tun daga akushin, ya sauƙaƙa wa ƙanensa, ya raba ba tare da an kai ga dattawa ba. Wata biyu ina aika wa Yaya wannan saƙo kullum da magariba, ni kuwa ban san ina aikawa ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, wata safiya ya ce in zo mu je babbar gona. Na ɗauka sharar gona za mu duba. Muna isa sai na ga an jera duwatsu a tsakiyarta, tun daga gindin tsamiya har bakin rafi.

Ya nuna da sandarsa, bai dube ni ba. Ya ce, "Daga wanga layi zuwa gabas naka ne. Na ba ka wajen fadama, don ka fi ni son rake. Jakin ma ka ɗauka. Gara mu yi tun ruwa bai sauka ba, kowa shi san inda za shi shuka."

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ya ce, "Abin da kake so ne. Ban riƙe ka da komi ba, ka girma. Abu ɗaya dai ni ke so in sani, don in nemi gafara in da laifi. Mi na yi maka?"

Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran marar gaskiya. Na shuri dutse ɗaya, na ce wa ya ce masa ina son gona, wa ya ce masa ina son jaki? Na yi ta faɗa ni kaɗai, shi kuwa ya dogara da sandarsa yana jira in gama, kamar yadda ya saba tun muna yara. Da faɗan ya ƙare ba abin da ya rage mini sai gaskiya, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Na zaro hannun daga riga na miƙa masa. Na nuna masa tabon ƙunar, na nuna masa inda tsoka ta lotsa. Na tsinke ƙaya na soka a kan manuniya har jini ya tsattsafo.

Na ce, "Ban ji ba, Yaya. Babban ciwo ne."

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya ce, "Jibi ne ranar da ake ba masu wanga ciwo magani a Malumfashi. Da asuba mu tahi." Ya sunkuya ya fara kwashe duwatsun yana jefawa gefe, ɗaya bayan ɗaya.

A kekensa muka tafi, shi yana tuƙi ni ina baya. Rana ta ɗaga muka isa. A gindin wata bishiya a bayan asibitin muka tarar da su, sun fi talatin, maza da mata, suna jiran ƙwayar mako. Na zaci zan tarar da makoki, sai na tarar ana hira ana dariya, wata ma da goyo a bayanta. Da yawansu yatsunsu cif, in ba a gaya maka ba ba za ka sani ba. Wani dattijo ya matsa mini a kan benci ya ce, "Bismilla, baƙo." Na ce na gode, na ci gaba da tsayuwa. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni: ni da na zo a rubuta ni cikinsu, ni ne nake ƙyamar bencinsu.

Malamin asibitin da ke duba su saurayi ne, ba zai girme ni ba. Iyayensa Yarbawa ne 'yan kasuwa, amma a Funtua aka haife shi, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya fitar da ni fili inda rana take, ya sa na tuɓe riga, ya zagaya ni yana duba bayana da ƙirjina da cinyoyina, yana neman tabon da ya yi fari-fari. Bai sami ko ɗaya ba. Ya lalubi bayan gwiwar hannuna, ya lalubi gefen wuyana. Sannan ya ciro 'yar auduga ya murza ta ta yi tsini. Na ce a raina, mu da muke noma ta muna kai wa bature, yau ita za ta yanke mini hukunci.

Ya ce, "Rufe idonka. Duk inda ka ji na taɓa, ka ce na ji."

Na rufe. Shiru. Shiru. Can na ji ta a ɗan autan yatsa, na ce na ji. Na ji ta a bayan hannu, na ce na ji. Na ji ta a yatsan zobe, na ce na ji. Sai shiru kuma.

Ya ce, "Buɗe ido ka ga wani abu."

Ya shafa audugar a gefen yatsan zobe, wajen ɗan auta, na ji sarai. Ya shafa a ɗaya gefen na yatsan nan guda, wajen na tsakiya, ban ji komai ba. Yatsa ɗaya, rabi a raye rabi a mace, kamar an tsaga shi da zare.

Ya juya hannun ya ga karkacewar. Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Karaya ce, amma ta warke tun tuni."

Ya ce, "Ita ta gaya maka ta warke?" Ya sa kan yatsansa ya ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannun, sau biyu, ba da ƙarfi ba. Wani abu ya fizge ni tun daga nan har ƙarshen yatsu, irin jan da minjirya ke yi wa mai kamun kifi. Na zabura na kusa ture teburinsa.

Ya yi dariya. Ya ce, "Malam, ka zo kasuwar da ba taka ba. Ba ka da ciwon nan. Akwai wata jijiya da ke kai ji ga yatsu uku da rabi, ta wata 'yar ƙofa take bi a nan wuyan hannu. Da ƙashinka ya haɗe a karkace sai ƙofar ta tsuke, ta matse jijiyar. In ka zauna a kan ƙafarka ta sage, kuturta ce? To, haka hannunka yake, sai dai shi wata da watanni ana zaune a kansa."

Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Na ce ya rantse. Ya ce shi ba ya rantsuwa a wurin aiki, amma in ina so in zauna in jira likita, zai gaya mini haka da Turanci. Muka jira likitan, ya duba, ya faɗi abin da malamin ya faɗa, ya ba mu takarda zuwa Zariya don a yi wa hannun aiki.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Farin ciki ne, amma ba irin na sallah ba. Jikina ne ya saki gaba ɗaya, yunwa ta taso mini, barci ya taso mini. Da muka fito na je na zauna a kan bencin nan kusa da dattijon, na ba shi hannu. Ya tambaye ni, na gaya masa. Ya ce, "Madalla, Allah shi ƙara tsarewa," da zuciya ɗaya, har na rasa inda zan sa idona.

Aikin kansa ba wani abu ba ne. Makonni kaɗan bayan haka aka yi mini shi a Zariya, aka ɗan tsaga wuyan hannun aka buɗe wa jijiyar hanya. Kiyashin asuba ya ɗauke tun a makon farko. Ji kuwa a hankali ya riƙa dawowa, sai da muka ci sabuwar dawa kafin in iya riƙe allura ba tare da na duba ba. Tsokar ba ta gama cikowa ba, don an ce na daɗe ban zo ba, kuma kan manuniyata har yau kamar da 'yar fata a kansa. Damina ɗaya Yaya ya yi noman mutum biyu, ni ina bin sa da iri a hannun hagu. Amma duk wannan daga baya ne.

A ranar, muna komawa gida daga Malumfashi, mun wuce rabin hanya sai keken ya fara tangaɗi. Na ɗauka taya ce. Yaya ya tsaya, ya jingine shi a jikin wata ɗorawa, ya zauna a ƙasa daɓas kamar wanda aka zare wa laka. Ya dafe kansa. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko ranar da muka binne mahaifinmu.

Ya ce, "Wata biyu. Wata biyu ka bar ni ina bin gona da dutse kamar mahaukaci. Kai wane irin mutum ne? Baki gare ka na faɗa da kowa, amma na faɗin ciwo babu."

Na zauna kusa da shi na ba shi haƙuri. Ya yi ta faɗa, shi da ba ya faɗa, ni kuma na yi shiru, ni da ba na shiru. Da ya sarara na tambaye shi abin da ke cina tun daga gona.

Na ce, "Yaya, da babban ciwon ne fa?"

Ya ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na gyaɗa kai. Amsar da ta kamata ke nan, kowane wa ita zai bayar. Wata motar auduga ta wuce mu ba kaya. Har na yunƙura zan tashi sai ya sake magana, murya ƙasa-ƙasa, yana kallon ƙafarsa.

Ya ce, "Haka ake cewa. Amma wallahi kwana biyun nan ban san yadda zan yi da kai ba. Na yi tunanin yarana. Har na duba inda za a yi maka ɗaki a bayan gida, na ji kunya na bari, na koma na sake dubawa."

Ban ji haushinsa ba, ko kaɗan. Da ni ne a matsayinsa da na duba wurin nan, wataƙila ma da na fara kafa itace. Na gode wa Allah da bai kai mu ranar da za mu san abin da kowannenmu zai aikata ba. Na ce masa ya tashi mu tafi, akwai yarinyar da nake so in ɗauka kafin ta yi barci. Ya ce ƙafafunsa ba za su iya tuƙi ba tukuna, sai muka tura keken a ƙasa har gida.